Cire iska daga KDSS: laccar da aka yi wa kanikawa, an rubuto daga faifan murya

Assalamu alaikum. Abu uku zan faɗa. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Na farko, shi kansa KDSS ɗin, wato Kinetic Dynamic Suspension System, tsarin da ke aiki da mai don daidaita mota a kwana da gargada. Kamfanin Kinetic na Ostireliya ne ya ƙirƙiro shi, Toyota ta fara sa shi a Lexus GX 470 a 2004, sannan ya shigo Land Cruiser 200 da wasu Prado 150. Silinda biyu ne, ɗaya a rodin sitabilaiza na gaba, ɗaya a na baya, bututun mai ya haɗa su. In mota ta sha kwana, mai ya turje, rodi ya hana ta kwanciya. In ta shiga gargada, mai ya gudana, rodi ya saki.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Wannan ba birki ba ne! A birki ka ce wa yaro "taka, riƙe", ka kwance noti, iska ta fita. Nan babu abin takawa, kuma babu famfo a jikin motar. Man a kulle yake da matsi wajen megafaskal 3, ya ninka iskar taya fiye da sau goma. Yaro ya ɗauki sifana ya kwance, mai ya feso masa a ido, matsin ya tafi, babu mai dawo da shi sai famfon musamman na waje. Na sake faɗa: ba birki ba ne. Kai mai jar hula, na ga kana murmushi, da alama an taɓa yi a garejinku. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, shi ya sa ƙwayar kumfa kaɗan ke sa mota ta karkace, mai ita ya dawo yana faɗa.

Na biyu, aikin, a gurguje: fili daidaitacce, a sassauta bawul biyun da ke jikin akwatin sarrafa man KDSS, kada a wuce juyi uku da rabi, a jona famfo, a sa tiyo mai haske har kumfa ta daina, a daidaita matsi, a auna tsayin hagu da dama. Na huɗu... a'a, na uku muke?

(Tambaya daga zauren: in babu nasa man, a zuba man birki?)

Kada ka soma, ɗan'uwa! Man birki yana kumbura robobin silinda, sai ka canza su duka. Nasa shi ne Suspension Fluid AHC na Toyota. In babu, a ajiye motar har a samo. Ɗago galan ɗin nan kowa ya ga rubutun.