Raƙumi da giwa: hirar da na jiyo a wata fada a Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar baburan nan, a bakin titi nake tsaye, 'yan kabu-kabu kuma ba sa ɗaga ƙafa. Yau kwanana tara a Maraɗi. Daga Katsina na taso, na bi ta Jibiya, na tsallaka iyaka na faɗo Ɗan Isa, tafiyar wajen kilomita 90. Fasfo dai ya ce ƙasar waje nake, kuɗin aljihuna ma sun koma sefa, ina ta koyon lissafin dala da jika. Amma in ka cire wannan, da allunan Faransanci, da kakin jandarmomi, wallahi ba abin da zai nuna maka ka bar gida.

Bari in juyo muku da kyamara. Wancan ginin da kuke hange fadar sarki ce, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Lokacin da mutanen Shehu suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ne ya yo arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zama a nan, aka yi shekaru ana gwabzawa tsakaninsu da garinmu. Tsohon garin a can ƙasa yake, bakin gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka hawo tudu. Ni Bakatsine ne, su ma Katsinawa ne, kakanninmu sun ɗaga wa juna takobi, ga shi yau a gidansu nake cin tuwo.

Ba wannan ba ne ya sa na kunna kyamara yau. Tun ina yaro, in mahaifina ya kama gidan rediyon Nijar da daddare, nakan ji shi yana cewa, ƙasar Hausawa ce amma Zabarmawa ke mulki. Da wannan magana na girma. Lissafin kuma yana goyon bayanta: Hausawa sun haura rabin al'ummar ƙasar, Zabarmawa da 'yan uwansu Songhai wajen kashi ɗaya cikin biyar ne, amma daga samun 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 har zuwa 1993, shugabanni uku da aka yi, Hamani Diori da Seyni Kountché da Ali Saibou, duk Zabarmawa ne. Shekara talatin da uku.

Jiya bayan la'asar mai masaukina ya kai ni fadarsu. A nan in an ce fada, majalisar samari ake nufi, inda ake shimfiɗa tabarma a ɗora butar shayi kan gawayi. Akwai wani dattijo, tsohon tela, da yakan zauna gefe kan kujerar roba yana jan carbi. Bai yarda in ɗauki fuskarsa ba, don haka sai dai in ba ku labari. Na gaishe shi, na ce, Baba, ina da tambaya, sai na kwashe maganar mahaifina na faɗa masa yadda take.

Ya daɗe bai tanka ba. Yaron da ke haɗa shayi ya zuba na farko, mai ɗacin nan, ya miƙa masa, ya kurɓa, sannan ya ce, "Ɗana, babanka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ji. Ka san Sawaba?"

Na ce, Baba, ai mu ma muna da ita. Kalmar da 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, suke kirari da ita a da ke nan, har Hajiya Gambo ta Zariya aka laƙaba wa sunan. Ya ce to nan jam'iyya ce sukutum, alamarta raƙumi, ita kuma RDA ta su Diori alamarta giwa. Ya ce a Maraɗi da Damagaram da Tasawa, teloli da direbobi da 'yan kamasho da masu dako, yawancinsu 'yan raƙumi ne, har da mahaifinsa. Sai ya tambaye ni, "Wa ke shugaban Sawaba?" Na ce Djibo Bakary. Ya ce, "To Djibo Bazabarme ne. Ɗan Sudure ne, kusa da Yamai, kuma ɗan uwan Diori ne na jini. Mu Hausawan nan, Bazabarme munka bi har kurkuku."

Jama'a, wannan magana ta tsaya mini a rai. Na san sunan mutumin, ban taɓa tsayawa na tambayi ƙabilarsa ba, kawai na ɗauka tunda talakawan Hausa ne bayansa, to namu ne.

Ga yadda abin ya faru. A 1957 Djibo ne ke jagorantar gwamnatin cikin gida. Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama: ko ku zauna cikin rukunin Faransa, ko ku ce a'a ku kama gabanku nan take. Sékou Touré na Gini ya ce a'a, Djibo ma ya ce a'a. Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba, ga yaƙi tana yi a Aljeriya, maƙwabciya ta arewa. Aka turo sabon gwamna, Colombani, aka zagaya sarakuna, da yawansu da ke tare da Sawaba suka juya mata baya. Masu cewa e suka ci da kusan kashi 78 cikin ɗari, mafi yawan masu rajista ma ba su fito ba. Kafin shekara ta ƙare Diori ya karɓi gwamnati, a 1959 aka haramta Sawaba, Djibo ya yi gudun hijira.

Baba ya ce yana ɗan shekara goma lokacin. Abin da ya fi tunawa shi ne 1964, da 'yan Sawaba da suka samu horo a Gana da Aljeriya da Sin suka shigo da makamai ta kan iyakoki, aka murƙushe su cikin 'yan kwanaki, aka harbe wasu a bainar jama'a. A watan Afrilun 1965 kuma wani ya jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla, bai same shi ba. Daga nan kame ya tsananta. Ya ce da hantsi aka zo shagon mahaifinsa, yana tsakiyar ɗinka wata riga, allura na cikin yadi, aka tafi da shi. Rigar ta yi wata biyu a kan keken ba wanda ya taɓa ta, mai ita ma tsoro ya hana shi zuwa karɓa. Sai da uwarsu ta ce, in ba ka hau keken nan ba yunwa za ta kashe mu. Ranar ya zama tela. Da ya zo nan a labarin ya nuna mini babban yatsansa na dama, farcen ya rabe biyu ya warke a haka, ya ce allurar ranar farko ce.

Na ce, Baba, su wa suka kama shi? Ya ce wanda ya ba da umarni daga Yamai yake. Amma wanda ya nuna ƙofar shagon maƙwabcinsu ne, Bahaushe, ɗan RDA, sahu ɗaya suke salla.

To ina gaskiyar maganar mahaifina take? Tana nan, kuma kada wani ya ce babu ita. Da Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka. Faransawa ba su saki jiki da ita ba, sun tuɓe sarkinta a 1906 bisa zargin ƙulla tawaye, suna kuma ganin zuciyar Hausawan gabas tana Kano, wurin Ingilishi. Ga ƙarancin ruwa. A 1926 suka kwashe komai suka koma Yamai, bakin kogin Kwara. Inda gwamna ya zauna nan ofisoshi suke, nan manyan makarantu, nan ake ɗaukar akawu da tafinta da soja. Diori da Boubou Hama da shi kansa Djibo, duk sun yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, kuma duk 'yan yamma ne. Ranar da Bature ya tashi tafiya, waɗanda suka iya harshensa da takardunsa ya miƙa wa mabuɗi. A wancan zamani kuwa, kafin a fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, gyaɗa ce ke riƙe da ƙasar, gyaɗar kuma a nan da Damagaram ake noma ta. Manomi ya noma, ya biya haraji, ya ga benaye suna tashi a wani gari mai nisan kilomita sama da 600. Dole ransa ya sosu.

Sai dai Baba bai bar nasu laifin ba. Ya ce iyayensu ɓoye 'ya'ya suke yi a rumbu in an zo ɗibar yara lakwal, kamar yadda namu suka guje wa boko. Ya ce kuma alhazan Maraɗi da ake ji da su, a zamanin Diori da Kountché suka yi arziki, da gyaɗa da fataucin kan iyaka, ba wanda ya hana su. Shi kuma talakan Zabarmaganda, can wajen Walam, ƙasarsa ba ta ciyar da shi, sai ya tafi ci-rani Akara da Kumasi yana dako. Shugaban ƙasa yarensa yake ji, amma yunwar 1973 ba ta tsallake gidansa ba. Ita wannan yunwa ma tana cikin dalilan da Kountché ya bayar da ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974. Bazabarme ya tuɓe Bazabarme, Djibo ya dawo gida da murna, ba a daɗe ba shi ma aka rufe shi shekaru.

Wani matashi a fadar, malamin makaranta, a nan mushe suke cewa, shi ya karɓi zancen daga nan. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe siyasar jam'iyyu, a 1993 Mahamane Ousmane na Damagaram ya ci zaɓe, ya naɗa Mahamadou Issoufou na jihar Tawa firaminista. Cikin waɗanda suka mara wa Ousmane baya ya kayar da abokin takararsa Mamadou Tandja har da Moumouni Djermakoye, ɗan gidan sarautar Doso, Bazabarme. Ya ce a Maraɗi an yi ta murna, an ce yau namu ya hau. Shekara ɗaya da rabi Ousmane da Issoufou suka raba gari. Rikici ya ci gaba har gwamnati ta kasa zama, ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki, shi ma Bahaushe ne, a 1999 masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai.

Wani abu da ban lura da shi ba sai da mushen ya lissafa mini da yatsu: sunayen jam'iyyun da aka yi a ƙasar. Nasara, Rahama, Tarayya, Jama'a, Gaskiya, Lumana, Zaman Lahiya. Har waɗanda ƙarfinsu ke yamma, da Hausa suka raɗa suna, don ba mai cin zaɓe a Nijar da ƙuri'ar ƙabila ɗaya.

Muna cikin haka wani mai sayar da kayan waya ya iso, Bazabarme ne da ya shekara ashirin a garin. Tun daga nesa wani Bagobiri a cikinmu ya ɗaga murya, ga bawana ya zo, a ba shi ragowar shayi. Shi kuma ya ce, ku dubi fuskar nan da aka tsage kamar gonar da kaji suka tona. Aka fashe da dariya, suka tafa, ya zauna a tabarma ɗaya da shi. Wasan taubasantaka ke nan tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, kuma Nijar ta riƙe shi da gaske, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2014. Ni da na fito daga ƙasar da aka yi rikicin 1966 da yaƙin basasa na wata talatin, da na ga wannan sai da idona ya ciko.

Amma ba zan rufe ku ba, akwai abin da ya dame ni. A zaɓen 2021, da Mohamed Bazoum ya tsaya, an yi ta yawo da maganar launin fatarsa da cewa Balarabe ne ba ɗan ƙasa ba, kuma da Hausa aka yi ta faɗin wasu daga cikin maganganun. A 2025 kuma sabon kundin da gwamnatin Janar Tiani ta fitar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Samarin fadar suna ta alfahari da wannan, ni ma har ga Allah na ji daɗi, harshen uwata ne. Sai na waiga wurin Bazabarmen nan. Hausa a bakinsa kamar ɗan Maraɗi, amma da aka zo wannan zance ya sunkuyar da kai yana juya kofin shayinsa, bai ce uffan ba. Mutanen da suka shekara talatin suna kukan an mayar da su saniyar ware su ya kamata su fara lura da irin wannan shiru, kuma ban ga wanda ya lura ba sai Baba, da ya miƙa hannu ya dafa gwiwarsa ya canza magana.

Da aka kira magariba na taimaka masa ya tashi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kana zuwa Kano?" Na ce ina zuwa, Baba. Ya ce mahaifinsa ya fito daga kurkuku bayan juyin mulkin 74, idonsa ya riga ya tafi, kuma har ya rasu burinsa ya je ya gaida Malam Aminu, don lokacin da aka matsa wa 'yan Sawaba, 'yan NEPU ne suka ɓoye da yawansu a Kano. Ya ce in na je gidan Mumbayya, inda kabarin Malam yake, in yi masa addu'a, in haɗa da mahaifinsa. Na ce in sha Allahu. Ya faɗa mini sunan tsohon, na rubuta a bayan takardar canjin kuɗin da aka ba ni a Ɗan Isa, ga ta nan cikin aljihuna.

Gobe da safe in Allah ya kai mu Tibiri za mu, wurin Gobirawa. Wani ya yi mini alkawarin zai kai ni gidan wata tsohuwa da ta ga zaɓen 1958 da idonta.