Me Muka Karanta: Takin Zamani, Kashin Tsuntsaye da Kwale-kwalen Dufuna

Hadiza: Toh jama'a barkanmu da warhaka. Tun Talata guruf ɗinmu ya ƙi lafawa kan rubutun nan na taki da aka turo, kuma Yaya Bala kai ka fi kowa ɗaukar zafi.

Bala: Dole ne Hadiza, kowa na kukan tsadar buhun takin yuriya amma da wuya ki samu wanda ya san daga ina abin yake fitowa. Iska ce fa! Iskar nan da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, amma masara ba ta iya cinsa a haka, sai da Bajamushen nan Fritz Haber ya gano a 1909 yadda ake haɗa shi da wata iska, haidirojin, a samu sinadarin da ake yin takin da shi, Carl Bosch kuma ya kai abin masana'anta a 1913, shi kuma haidirojin ɗin daga gas ake ciro shi, toh kin ga da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022 gas ya yi tsada a Turai, manomin Funtuwa sai da ya ji a aljihunsa.

Sani: Wato 46 ɗin nan da ake bugawa a jikin buhu...

Bala: Yauwa ƙanina, kason naitirojin ɗin ke nan. Kuma kafin Haber kun san da me Turawa suke takin gonakinsu? Kashin tsuntsaye! Jirgin ruwa guda ake cikawa daga tsibiran Chincha na ƙasar Peru, har Sifaniya ta mamaye tsibiran a 1864 saboda kuɗin da ke cikinsa.

Hadiza: Kai! Sani ashe tantabarun nan naka rijiyar mai ce.

Sani: Ai tuntuni masu lambun albasa suke zuwa min da buhu, kuma ba sa neman ragi.

Hadiza: Toh sai ka sa maigadi kar Sifaniya ta ji labari.

Sani: Maigadi da kwado biyu Anti.

Hadiza: Da takardar biza ga duk mai shiga akurkin.

Bala: Ku bari in ƙarasa mana. Abin da ke ci min rai, gas ɗin nan muna da shi, ga masana'antar taki ta Indorama a Eleme, Jihar Ribas, ga masana'antar Dangote a Lekki da aka buɗe a Maris 2022, tan miliyan 3 take iya fitarwa a shekara, amma farashi yana bin kasuwar duniya da dala, shi ya sa nake roƙon masu sauraro don Allah ku karanta rubutun har ƙasa, kar ku tsaya a kanun labari ku tura gaba, a tsakiya bayanin dalar yake.

Hadiza: Lokaci fa ya ci mu. Sani naka a gurguje.

Sani: Kwale-kwalen Dufuna, Jihar Yobe. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, kuma sassaƙar bakinsa...

Hadiza: Tsaya nan, sai mako mai zuwa, da nawa na marinar Ƙofar Mata. Yaya Bala a ba mu fili ranar don Allah.

Bala: Zan ba ku, amma ban taɓo maganar takin NPK ba tukuna fa.