Amsoshin Tambayoyinku: Gasar Kacici-kacici a Majami'un Jos

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sanyin Jos. Ga mu a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yawancin wasiƙun da suka taru mana a wannan mako a kan abu guda suke, wato gasar kacici-kacici da wasu majami'u na cikin gari suka shirya wa yara da matasa a hutun Kirsimeti. Wasu godiya suka aiko, wasu ƙorafi, wasu kuma shawara suke nema. Za mu ɗauki abin da lokaci ya ba mu dama.

Wasiƙar farko daga Tudun Wada take, daga wata uwa 'yar Zumuntar Mata. Ta ce su mata ne suka kawo shawarar a yi gasar, aka yi, yara suka ji daɗi. Amma wani dattijon ikilisiya ya ce kacici-kacici wasan dandali ne, ɗan'uwan tatsuniya, bai kamata a shigo da shi gidan Allah ba. Tana tambaya, shin laifi suka yi?

Mama, ki kwantar da hankalinki, ba ku yi laifi ba. Shi ma Baba kishin gidan Allah ne ya sa shi magana, a ba shi girmansa. Ki je ki gaishe shi a gida, ki roƙe shi ku buɗe Littafi Mai Tsarki tare. A Karin Magana sura 1 aya 6, cikin dalilan da aka bayar na rubuta littafin har da cewa mutum ya iya gane zantuttukan masu hikima da kacici-kacicinsu. A 1 Sarakuna sura 10, Sarauniyar Sheba ta taso tun daga ƙasarta don ta gwada Sulemanu da tambayoyi masu wuya, ya kuwa amsa mata su duka. A Ezekiyel sura 17, Ubangiji ne da kansa ya umarci annabin ya yi wa jama'ar Isra'ila kacici-kacici, wanda ya zo da gaggafa biyu da kurangar inabi. Inda Baba yake da gaskiya shi ne kada gasa ta cinye lokacin sujada. A yi ta ranar Asabar da yamma, ko bayan an tashi, a ajin Makarantar Lahadi ko a harabar majami'a. Sannan ku sa shi cikin alƙalai. Ina da yaƙinin akwai kacici-kacicin da kakarsa ta yi masa a bakin murhu wanda har yau yana nan a kansa, jira kawai yake a tambaye shi.

Wasiƙa ta biyu ta zo da zafinta. Wani matashi ne daga Bukuru. Ya ce a zagayen ƙarshe an tambayi rukuninsu: wane ne aka haifa amma bai mutu ba? Suka ce Anuhu. Alƙali ya duba takardarsa ya ce sun faɗi, amsar ita ce Iliya. Aka juya ga ɗaya rukunin, suka ce Iliya, aka ba su maki, da makin nan suka ɗauki kyauta. Ya ce tun ranar biyu daga cikin abokansa ba su sake zuwa taron matasa ba.

Ɗan'uwa, an zalunce ku, ko da yake ban ce da gangan aka yi ba. Farawa sura 5 aya 24 ta nuna Anuhu ya yi tafiya tare da Allah, sai aka rasa shi, domin Allah ya ɗauke shi. Ibraniyawa sura 11 aya 5 ta fito da maganar fili, cewa an ɗauke shi don kada ya ga mutuwa. Iliya ma haka, 2 Sarakuna sura 2 ta ba da labarin yadda guguwa ta haura da shi sama a gaban Elisha. Amsa biyu ce, kowacce daidai. Abin da ya kamata alƙali ya yi shi ne ya ce muku, "Ku kawo hujjarku," ya ba ku minti ɗaya ku buɗe aya. Takardar da ke hannun alƙali tunatarwa ce kawai, ba ita ce hukunci ba.

Ina son masu shirya gasa su tsaya a nan su saurare ni, domin daga nan yawancin rigimar take tasowa. Tambayar hadda daban, kacici-kacici daban. In ka tambayi yaro littattafai nawa ne a Sabon Alkawari, ko ya san 27 ne ko bai sani ba, magana ta ƙare. Shi kuwa kacici-kacici, amsarsa tana gaban kowa, an lulluɓe ta ne kawai. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Babu gidan da ba a share shi da tsintsiya yau da safe ba. "Rawanin Baba ya faskari naɗawa." Kowa ta hanya ya bi ya zo wurin taron. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Ga hayaƙi can yana fita ta tagar madafa. Daɗin abin shi ne lokacin da aka faɗi amsa, yaro ya dafe kai ya ce, "Kai! Ai na sani!" In aka faɗi amsa zaure ya yi tsit, kowa yana kallon kowa, to mai tambaya ne ya gaza, ba yara ba.

Wanda yake son ganin inda kacici-kacici marar adalci yake kai mutane, ya karanta Littafin Mahukunta sura 14. Samson yana hanyar Timna ya kashe ɗan zaki da hannu. Da ya sake bi ta wurin, ya tarar ƙudan zuma sun yi saƙa a cikin gawar, ya ɗebi zuma ya sha, ya kai wa iyayensa, bai gaya musu inda ya samo ba. A bikin aurensa na kwana bakwai sai ya ƙulla wa samarin Filistiyawa 30 kacici-kacici a kan abin nan da shi kaɗai ya gani: daga mai ci abinci ya fito, daga mai ƙarfi zaƙi ya fito. Ya ɗora caca a kai, rigunan lilin 30 da kayan ado 30. Ta ina za su gano? Kwana uku suna fama ba su samu ba. Daga nan suka koma barazana, suka ce wa amarya in ba ta lallaso musu amsa ba za su ƙone ta da gidan ubanta. Ta yi ta kuka har ya gaya mata, ta kai musu. Biki ya ƙare da gawar mutum 30 a Ashkelon, aure kuma ya watse. Tambayar da ba ta warwaruwa, da kyautar da ta yi nauyi, da amsar da ta fita ta bayan gida, duk ukun suna cikin wannan sura, duk ukun kuma suna iya shigowa gasar yara in ba a kula ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka ɗauki ayoyin nan biyu ka je wurin shugaban matasa ko Fasto, cikin ladabi, ba a gaban taro ba. Kada ka nemi a ƙwace kyauta daga hannun waɗanda aka ba, su ma ba su yi laifi ba. Ka nemi a sanar ranar Lahadi cewa amsarku daidai ce. Kafin nan kuma ka bi abokanka biyun nan har gida, kada wata ya wuce ba su dawo ba, domin komowa tana ƙara nauyi ne da daɗewa.

Ta uku daga Dadin Kowa, wata malamar Makarantar Lahadi. Ta ce ta yi wa ajinta "Uku-uku ta gama gari," yara suka yi ta kallonta. Da ta ce murhu ne, wata yarinya ta tambaye ta mene ne murhu, su da gas suke girki. Ta ƙara da cewa wasu yaran Turanci ya fi sauƙi a bakinsu, wasu kuma iyayensu suna son a sa yarensu. Da wane harshe za a yi gasar?

Malama, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta fi gasar girma. Jihar Filato tana da harsuna fiye da 40, kuma abin da ya daɗe yana haɗa Berom da Ngas da Tarok da Mwaghavul da Afizere da Anaguta a benci ɗaya ranar Lahadi shi ne Hausa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da shi kakanninmu da yawa suka koyi karatu. Manyan ikilisiyoyin nan biyu, ECWA da COCIN, duk hedikwatarsu a garin nan take, kuma har gobe sujadar Hausa da waƙoƙin Zumuntar Mata su ne ke cika majami'u da yawa. A ganina ki riƙe Hausa a matsayin harshen gasa, yaron da amsa ta zo masa da Turanci a karɓa, a maimaita masa da Hausa ya ji. Sannan ki ware zagaye ɗaya na harsunan gida. A gayyaci kaka ta yi kacici-kacici da Berom ko da Ngas, jikanta ya fassara wa jama'a. Kafin ranar dole yaron ya zauna kusa da ita ya tambaya, kuma wannan zaman ya fi mini kowace kyauta da za a raba.

Maganar murhu kuwa, kada ki jefar da tsofaffin. Ki sa a kawo duwatsu uku a jera a tsakar harabar, a ɗora tukunya, yara su zagaya su ƙirga da idonsu. Amma ki bar su su ƙulla nasu daga abin da suke gani kullum. Ga misali: ƙafarsa uku, cikinsa ɗaya, ya haɗiye mutane a Faringada ya amayar da su a Terminus. Duk yaron Jos zai ce miki keke NAPEP kafin ki rufe baki. Dankalin Turawa, kududdufan da haƙar kuza ta bari, rigar sanyi, kowanne yana iya zama kacici-kacici. Yaron da ya ƙulla nasa har ya gagari manya, a ba shi maki biyu.

Wani Baba daga Kabong ya tambaya a taƙaice: yaya za a yi da waya, tunda yara suna neman amsa a intanet, kuma wace kyauta ta dace?

Baba, a ajiye tire a bakin ƙofa, duk ɗan gasa ya sa wayarsa, iyayen da ke kallo kuma a roƙe su su daina raɗa. Kacici-kacicin da aka ƙulla jiya a unguwa babu shi a intanet. Kyauta kuwa kada ta wuce littafi, biro, ko Littafin Waƙoƙi, kowane yaro kuma ya tafi da wani abu a hannu. Ku dawo da al'adar ba da gari. A da, in an buɗe da "Ƙulin-ƙulifita" aka amsa da "Gauta," aka shiga wasa, wanda ya kasa sai ya ce, "Na ba ka gari." Mai tambaya yana iya raina garin ya ce a ƙara masa. A ba shi Bokkos ya ƙi, a ba shi Pankshin ya yi shiru, sai an kai Shendam ya yarda ya faɗi amsa. Da haka wanda ya kasa ma dariya yake yi, yana kuma koyon garuruwan jiharsa.

Wasiƙar ƙarshe ta taɓa ni ƙwarai. Wani Malam ne daga Gangare, Musulmi, ɗan kasuwa. Ya ce abokin sana'arsa Kirista ne ya ba shi labarin gasar, shi ma ya tuna da dare a tsakar gidansu. Yana tambaya ko za a iya shirya irinta ta haɗa yaransu da na maƙwabta Kirista.

Malam, Allah ya saka da alheri, za a iya. Duk mun san abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka yi wa garin nan: unguwanni suka rabu, har an samu samari da 'yan mata da suka girma ba su taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Shawarata a yi ta a filin makarantar firamare, da rana, da sanin mai unguwa da yardar iyaye. A bar tambayoyin addini a gefe, kowa ya yi nasa a wurin ibadarsa, a tsaya kan kacici-kacicin gargajiya da duka muka gada. Liman da Fasto su zauna teburin alƙalai tare. Abin da na fi roƙo shi ne kada a yi rukunin Musulmi da rukunin Kirista. A gauraya yaran, kowane rukuni ya ƙunshi kowa, don su haɗa kai suna raɗa wa juna amsa. Ku fara da yara kaɗan, in ya yi kyau a faɗaɗa. In kun sa rana ku rubuto mana, za mu sanar a wannan fili.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa. Ga na gida ga yara, manya kada ku taya su: na wanke ƙwaryata tas, na je da ita gabas, na je da ita yamma, na dawo ba ta bushe ba. Ku rubuto da amsa, tare da hujjarku. A kwana lafiya.