Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Lafiya a Ziyararsa ta Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, a madadin iyayenmu sarakuna, malamai, ma'aikatan lafiya da talakawan wannan jiha, kwamitinmu yana yi maka barka da sauka a Birnin Shehu. Labarin ƙwazonka ya riga ka isowa. Saboda haka ba za mu ɓoye abin da ke ranmu ba: muna roƙon a kafa mana cibiyar duba matafiya ta dindindin a kan iyakarmu da Nijar da ke Illela, da ɗakin killace marar lafiya da motar ɗaukarsa, domin tare cutar Ebola.

Sakkwatawa ba baƙin ilimin lafiya ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin nan a 1809, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma tun muna yara malamanmu suke karantar da mu umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kada a shiga garin da annoba ta sauka, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Amma me muka gani? Da sanƙarau ya afka mana a 2017, mu da Zamfara, allurar rigakafi ta yi ƙaranci, muka yi ta binne yara. Abin bai bar zukatanmu ba.

Ebola ta fi wannan ban tsoro. Tun da ta ɓulla a Kwango da Sudan a 1976 take ɓuya tana dawowa. Wadda ta tashi a 2014 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo. Mutum guda ya shigo da ita Legas ranar 20 ga Yulin shekarar. Da Dakta Stella Adadevoh ba ta hana shi fita daga asibiti ba, da Allah kaɗai Ya san iyakar ɓarnar. Ita ma ta rasa ranta, cikin mutum 8 da muka rasa. Wancan mutumin ta jirgin sama ya zo. Mali kuwa ta mota cutar ta shige ta, kuma mu a bakin irin wannan hanyar muke zaune.

Ranka ya daɗe, a ranar kasuwar Illela, 'yan tireda, dillalan dabbobi da masu ziyarar dangi daga Ƙonni suna ketarowa ba adadi. Cutar takan yi har kwana 21 a jiki kafin ta bayyana, farkonta kuma zazzaɓi ne kamar na cizon sauro. Wa zai gane ta, in ba ma'aikacin da aka horar ba? In ya gane ta, ina zai kwantar da mai ita kafin a kawo shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo?

Muna kuma so a horar da limamai da masu wankan gawa, domin gawar mai Ebola tana yaɗa cutar ƙwarai, mu kuwa ba ma barin mamacinmu ba sutura. A yi ta wayar da kai a rediyo, kada jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri yana hana Ebola ta sake ruɗa jama'a.

Amma in ɗaya za a yi mana, ranka ya daɗe, to a yi Illela, kuma a sa ta cikin kasafin kuɗin da ke tafe. Allah Ya mai da kai gida lafiya.