An soke kamfaninka a Ingila? Ga yadda ake dawo da shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Manchesta nake muku magana.

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi ya kira ni hankali a tashe, wai katin bankin kamfaninsa ya daina aiki. Muna buɗe shafin Companies House, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya, ashe an soke kamfanin. Bai aika lissafin shekara ba, wasiƙun gargaɗi suna ta zuwa tsohon adireshi, aka buga sanarwa a Gazette, jaridar sanarwar gwamnati, wata 2 ya cika ba wanda ya ce uffan, sai aka goge suna.

Abin da ke girgiza mutanenmu shi ne, kuɗin da ke cikin asusun sun fita daga hannunka. Dokar kamfanoni ta 2006 ta ce dukiyar kamfanin da aka rushe ta zama ta Sarauta. Mu nan Manchesta ma, ofishin Duchy of Lancaster mai kula da kadarorin sarki ne ke karɓa. Kun ji fa!

To, akwai takardar neman a dawo da kamfani, lambarta RT01. Ita ce hanya mai sauƙi, ba sai an je kotu ba. Amma sai tsohon darakta ko mai hannun jari ne zai cike ta, kamfanin yana kasuwanci lokacin da aka soke shi, kuma ba a wuce shekara 6 ba. Za ka haɗa duk takardun da ka bari a baya, ka samo wasiƙar amincewa daga masu riƙe da dukiyar, ka biya tara. Tarar jinkirin lissafi tana farawa daga fam 150, idan ya haura wata 6 ta kai fam 1,500.

Inda gizo ke saƙar: idan kai da kanka ka cike takardar DS01 ka nemi a rufe kamfanin, RT01 ba ta yi maka amfani. Sai kotu, da ɗawainiyarta. Shi ya sa nake ganin ganganci ne mutum ya rufe kamfani bai kwashe kuɗinsa daga banki ba.

Idan an dawo da shi, doka na ɗaukarsa tamkar ba a taɓa soke shi ba. Sai dai idan wani ya riga ya yi rajista da sunan, dole ka zaɓi sabo, ko a dawo maka da kamfanin lambar rajistarsa ce sunansa.