Sharhi: An ambace shi sau dubbai, to mai farfaɗiya a ƙauye fa?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Kwanan nan wani hoto ke ta yawo a wayoyi daga guruf ɗin 'yan gari har Facebook, wai ga wani ɗan yankinmu masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, an ɗauko shafinsa na Google Scholar, inda ake jera takardun binciken masana a intanet, an zagaye lambobin da jan layi, takardu kaza, an ambace shi sau dubu kaza, kowa sai Masha Allah. To Masha Allah ɗin, Allah Ya ƙara basira, ni ba ni da rigima da bawan Allahn nan. Rigimata da mu ce, da muka ga lamba muka ɗauka magani ce.

Wai shin mun ma san me ake ƙirgawa? Duk sanda wani mai bincike ya sa takardarka cikin jerin waɗanda ya duba, an rubuta maka ɗaya. Ko yabonka ya yi, ko cewa ya yi aikin naka shirme ne, duk ɗaya ce. Kai da kanka in ka ambaci tsohuwar takardarka sai a ƙirga maka. Shi kuwa ma'aunin h ɗin da ake ta tinƙaho da shi, wani malamin fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005: in an ce naka 20 ne, kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Shi ke nan fa. Babu inda ya ce ga mutum ɗaya da ya warke.

Kuma lambar nan tana yaudara, wallahi. A 2006 mujallar Nature ta buga wata takarda daga Jami'ar Minnesota kan cutar mantuwa ta tsofaffi, Alzheimer, aka ambace ta sama da sau 2,000, sai a 2024 aka janye ta saboda an gano an yi wa hotunan cikinta kwaskwarima. Shekara 18 ana ta ƙirga mata lamba!

Yanzu mu dawo gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu suke, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon an ba su magani yadda ya kamata. Maganin ma ba wani mai tsada ba ne, finobabiton ya fi shekara ɗari ana amfani da shi. Amma je ka ƙauyukan Gwaram ko Sumaila ko Babura ka gani, yarinya ta faɗi kusa da murhu kowa ya watse wai yawunta na yaɗa cutar, a cire ta daga makaranta, a ce iskokai ne, in ta girma ma miji ya gagara. Lamba ba magani ba ce, jama'a.

Na san me za a ce, wai hassada ce. Haba! Hassadar me? Wasu kuma za su ce binciken ɗakin gwaji sai a hankali amfaninsa ke fitowa, wannan kam na yarda, ba kowane mai nazarin ƙwaƙwalwar ɓera za a ce ya zo ya buɗe asibiti a Gujungu ba. Amma ai mun ga irin binciken da ya iso ƙasa a nan Kano. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun riƙa auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila da na'ura don gano waɗanda shanyewar ɓarin jiki ke shirin kamawa, suka nuna cewa ƙwayar haidiroksiyuriya na iya kare su. Su ma an buga, an ambace su, amma uwar da ɗanta ya ci gaba da tafiya da ƙafafunsa me ya dame ta da sau nawa?

Su kansu masanan sun gaji, tun 2012 suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwa cewa a daina auna mai bincike da girman sunan mujallar da ya buga a ciki. Mu kuwa jami'o'inmu wajen ƙarin girma ƙidayar takardu ce kan gaba, ba a tambayar malam ko ya taɓa zama da ma'aikatan sha-ka-tafi na ƙauye ya koya musu gane farfaɗiya, ko ya yi wa mutane bayani da Hausa a rediyo. Shi ya sa har yau in yaro ya faɗi, maimakon a kawar da wuta da abu mai kaifi a kwantar da shi ta gefe har farfaɗiyar ta sake shi, sai ka ga babba da gemunsa yana tura masa cokali a baki.