Tsakanin Gwangwan da Rodi: Me Ke Fita Daga Tanderun Narka Ƙarfe?

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan yaron da kuke gani yana tura baro a lungu, da maganaɗisu ɗaure a igiya yana tsintar ƙusoshi cikin shara, daga hannunsa doguwar tafiya take farawa. Abin da ya tara zai kai wa mai sikeli, mai sikeli ya sayar wa dila, dila ya cika tirela a wurare irin su Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, mota ta kama hanyar kudu. Da yawa cikin tirelolin nan a yankin Ikorodu na jihar Legas da Ogijo na jihar Ogun suke sauke kaya, inda masana'antun narka ƙarfe suka yi cincirindo. Bayan 'yan makonni wannan gwangwan ɗin zai dawo mana a matsayin rodi, mu zuba shi a ginshiƙan gidajenmu.

Tun da farko bari in faɗi inda na tsaya: narka tsohon ƙarfe aikin alheri ne. Idan daga dutsen tama za a fara, a ƙona shi da kwal, kowane tan ɗaya na ƙarfe yana sakin sama da tan 2 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Idan kuwa gwangwan aka narka da wutar lantarki, abin bai kai tan ɗaya ba. Ga shi kuma ya kwashe mana tarkace daga tituna, ya ba dubban matasa abin sawa a baka. Matsalar tana cikin abin da ke manne a jikin gwangwan ɗin, da inda yake tafiya idan wuta ta taɓa shi.

Ku leƙa cikin tirelar nan da kyau. Ga ƙofar mota da fentinta. Ga tsohon kwanon rufi, wanda aka shafe da tutiya don kada ya yi tsatsa. Ga injin babur yana ɗigar baƙin mai, ga waya da robarta, ga gutsuren batir. Duk wannan ake ɗaga wa da babban maganaɗisu a juye a tanderu.

Tanderun iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai manyan sandunan gawayi da ake saukarwa a kan ƙarfen, wuta ta riƙa tsalle tsakaninsu kamar tsawa. Akwai kuma wanda yake kamar ƙatuwar tukunya da aka naɗe da bututun jan ƙarfe, ƙarfin maganaɗisu ya sa ƙarfen ya ɗau zafi daga cikinsa. Wannan na biyun ya fi araha, shi ya sa ƙananan masana'antu suka fi son sa. Ko wanne ne, zafin yakan kai kusan digiri 1,600. Tutiya kuwa tun wajen digiri 900 take tafasa ta zama tururi. Dalma da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, su ma su bi ta. Da sun haɗu da iska mai sanyi sai su koma ƙura, mai laushin da ya fi na kwalli, wadda gashin hanci ba ya iya tarewa, ta zarce can ƙasan huhu, wata ma ta shiga jini.

A tanderu mai sandunan gawayi, kowane tan na ƙarfe yakan bar kilo 10 zuwa 20 na wannan ƙura. Masana'antar da ke narka tan 500 a rana ke nan tana iya haifar da tan 5 zuwa 10 na ƙura kullum. Ko dai a kama ta, ko ta sauka a kan rufin maƙwabta, da shanyar tufafi, da garin da aka baza a tabarma, da rijiyar da aka bari a buɗe. Mutanen Ogijo sun daɗe suna kokawa kan baƙin hayaƙi da tokar da ke sauka a gidajensu. Mu kuma ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A shekarar 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can niƙan dutse ne ya jawo, nan hayaƙi ne, amma dalmar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara ci, ba tare da an ga rauni a jikinsa ba.

Akwai wata guba da ta fi wannan ɓoyewa, ana kiranta dayoksin. Ba a zuba ta a tanderu, a hanyar hayaƙi take haɗa kanta. Idan roba irin ta bututun ruwa da rigar waya ta ƙone tare da mai da fenti, sannan hayaƙin ya huce sannu a hankali tsakanin digiri 250 da 450, a nan ake samun ta. Ba ta ruɓewa da wuri. Ta sauka a ciyawa, saniya ta ci, ta taru a kitse da nono. Kazar gida ta yi tono a ƙasar, ta shiga ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mafi munin jinsinta cikin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam ciwon daji, kuma tana cikin gubobi 12 na farko da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta ce a yaƙa.

To, yaya ake maganin duk wannan? Aikin yana farawa ne tun a filin tara kaya. A tsiyaye mai daga injina, a cire batir, a fere roba da wuƙa ko da inji, ba a cinna mata wuta ba kamar yadda muke gani a bayan kasuwanni. A ware duk abin da yake rufe ruf, irin tukunyar gas da shokozoba. Kada kuma jiƙaƙƙen ƙarfe ya shiga tanderu, domin ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700, kuma idan narkakken ƙarfe ya rufe shi, fashewa yake yi ya watsa wuta kan ma'aikata. Rumfa kawai a kan tulin gwangwan lokacin damina tana iya ceton rai.

A bakin ƙofa kuma akwai wata na'ura da bai kamata a rasa ba. A ƙarshen 1983, a birnin Juarez na ƙasar Meziko, an kwance wata na'urar gashin ciwon daji aka sayar a matsayin gwangwan. A cikinta akwai dubban ƙwayoyin sinadarin kobal mai fitar da tururin nukiliya, wanda ba a gani, ba a jin warinsa. Aka narka, aka yi rodi da ƙafafun tebura, aka sayar. Ba wanda ya farga sai a watan Janairun 1984, da wata motar rodi ta ɓata hanya ta gifta ta gaban cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, na'urorinsu suka ɗau ƙara. Sai da aka rushe ɗaruruwan gine-gine. Ku tuna, kafin ƙarfen ya isa tanderu, hannun masu tara kaya ya fara bi. Shi ya sa masana'antar kirki take kafa na'urar gane wannan tururi a kan sikelin shiga, kowace tirela ta ratsa tsakaninta.

Sai kama hayaƙin. Ana sa murfi mai zuƙa a bakin tanderu, a kuma sa wata babbar rumfar zuƙa a saman ginin, saboda lokacin da aka buɗe murfi za a zuba kaya ko za a tsiyaye ƙarfe ne hayaƙi ya fi tserewa. Daga nan a sake ƙona hayaƙin a zafin da ya haura digiri 850, a sanyaya shi farat ɗaya da feshin ruwa don kada ya daɗe a wancan zafin da dayoksin take so, a busa masa garin gawayi na musamman da ke kama ragowarta tare da zaiba. A ƙarshe ya ratsa ɗakin tata: ɗaruruwan dogayen buhuna a rataye, kamar ƙafafun wando, iska ta wuce, ƙura ta manne. Idan buhunan lafiya lau suke, sukan kama sama da kashi 99 cikin 100. A Tarayyar Turai ƙa'idar ita ce ƙurar da ke fita daga bututun tanderu mai sandunan gawayi ta gaza miligiram 5 a kowace kubik mita ta iska, kuma masana'antu suna cika ta.

A nan ne zuciyata take. Wannan ɗakin tata da ƙatuwar fankarsa suna cin wuta sosai, buhuna suna yagewa a sayi sababbi, kuma ba su ƙara wa mai masana'anta ko rodi ɗaya. A ƙasar da wuta take da tsada, duk dare akwai abin da ke raya wa mutum ya kashe fankar nan. Don haka ganin ɗakin tata a tsaye ranar da jami'ai suka zo da rana bai ishe mu ba. A sa wa fankar mita tata daban, a sa na'urar awo a bututu mai rubuta abin da ke fita dare da rana, hukuma ta riƙa gani kai tsaye. Ƙasar Sin, da abin ya ishe ta, a tsakiyar 2017 ta rufe ɗaruruwan ƙananan tanderu masu naɗin jan ƙarfe da ke yin rodi marar inganci, waɗanda ƙarfinsu ya kai kimanin tan miliyan 140 a shekara.

Ƙurar da aka kama ma ba ta gama magana ba. Idan aka jibge ta a fili, iskar hunturu za ta mayar da ita gari, ruwan sama ya kai ta rijiya. A Amurka sunanta yana cikin jerin shara mai haɗari. A ɗure ta a buhu a ajiye a ƙarƙashin rufi, kan daɓen siminti, a kai wa masu fitar da tutiya daga cikinta, don kuɗi ce. Kashin maƙera kuwa, wanda ke tasowa a saman narkakken ƙarfe, idan aka bar shi ya sha iska na watanni aka kuma gwada shi, yana shiga aikin hanya. Ruwan sanyaya injina a riƙa juya shi a cikin gida, kada a sake shi a kwata. Ma'aikaci a ba shi abin toshe kunne, da takunkumin da ke tare ƙura na gaske, da wurin wanka, ya bar kayan aiki a can, kada ya kai wa 'ya'yansa dalma a jikin riga. A riƙa gwada jininsa lokaci-lokaci.

Doka tana nan. Tun 1992 Najeriya ta wajabta nazarin tasirin muhalli kafin a kafa irin wannan masana'anta. An kafa hukumar NESREA, mai sa ido kan bin dokokin muhalli, a 2007, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masu sarrafa ƙarfe da masu narka tsohonsa. Rahoton nazarin nan ana baje shi kwana 21 na aiki domin jama'a su duba su yi magana. Idan an zo kafa tanderu kusa da ku, ku je da mai unguwa, da malamin kimiyya na makarantarku, da matan da ke shanya a tsakar gida. Ku tambaya ina iska take kaɗawa da hunturu, ina take kaɗawa da damina, kuma wace makaranta ce a gabanta. Ku nemi a gwada ruwan rijiyoyinku da jinin yaranku tun kafin a kunna wuta, a ba ku kwafin sakamakon ku ajiye. Idan kuma masana'antar ta riga ta fara aiki, ku ɗora farin faranti a kan rufi da magariba, ku ɗauke shi da asuba, ku ɗauki hotonsa da kwanan wata, ku yi haka wata guda, sannan ku kai wa ofishin NESREA na jiharku.